Sharhi: Baƙon fayil cikin kwamfuta, ta yaya za a gane na kirki da mugu?

 Sharhinmu na yau ya shafi wani labari da ya wuce ba a yi masa hayaniya ba a ƙasarmu, alhali kuwa ya taɓa kwamfutoci masu yawa da ke aiki a ma'aikatun magajin gari, makarantu, gidajen likita da shagunan buga takardu, tun daga Yamai har Damagaram.

Ranar 14 ga watan Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro da ya saba aikowa kowane wata. Kwamfutar ba ta mutu ba, tana tashi, tana aiki kamar kullum. Sai dai in ɓarayin intanet sun gano wata sabuwar kafa a jikinta, ba mai zuwa ya toshe, in ban da waɗanda suka shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Masu Windows 7 kuwa tun ranar 14 ga Janairun 2020 aka sallame su, masu Windows XP tun Afrilun 2014. Sabuwar, wato Windows 11, tana neman na'ura ta baya-bayan nan, kuma da yawa cikin kwamfutocin gwanjo da ake kawo mana ba su cika sharuɗɗanta ba.

Wanda ke ganin abin wasa ne ya tuna da watan Mayun 2017. Ranar 12 ga watan wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, tana kulle takardun mutane, tana neman kuɗin fansa dalar Amurka 300, wajen jika 180 ke nan a kuɗinmu na lokacin. A Ingila sai da asibitoci suka soke ganin dubban marasa lafiya. Microsoft ya fitar da maganin kafar da cutar ta bi tun watan Maris, wata biyu kafin abin ya faru. Waɗanda ba su saka gyaran ba su ne suka sha wuya.

Kada kuma a ce wannan matsalar Turawa ce. A watan Nuwamban 2022 kamfanin tsaron intanet na Group-IB, tare da masanan kamfanin Orange, ya fitar da rahoto kan wani gungun ɓarayi masu jin Faransanci da aka laƙaba wa suna OPERA1ER. Rahoton ya ce tsakanin 2018 da 2022 sun kai hari sama da sau 30 kan bankuna da kamfanonin sadarwa, akasari a Afirka, sun sace aƙalla dalar Amurka miliyan 11, abin da ya haura miliyar 6 na sefa. Nijar na cikin ƙasashen da rahoton ya lissafa. Ba katanga suka fasa ba. Wasiƙar imel suke aika wa ma'aikaci da Faransanci, mai kama da ta ofishin haraji ko ta neman ma'aikata, da wani fayil maƙale a jiki. Ma'aikaci ya danna, su kuma su samu ƙofa, su zauna cikin kwamfutocin banki wata da watanni suna koyon yadda kuɗi ke tafiya. A 2023 hukumar ƴan sandan duniya ta Interpol ta ba da sanarwar kama wani da ake zargin jigo ne a cikinsu, a ƙasar Kodibuwa.

To in ma'aikacin banki, mai horo da masu gadin na'ura a bayansa, ya faɗa wannan rami, ina ga sakataren ƙungiyar manoma da ke aiki da kwamfutar da ɗan uwansa ya aiko masa daga Beljiyam? Shi ya sa muka ga ya dace mu tsaya kan tambaya guda: in ka ga wani fayil da ba ka sani ba, ta yaya za ka auna shi kafin ka danna?

Fayil iri biyu ne

Fayil, ko fishiye kamar yadda aka fi faɗa nan gida, iri biyu ne. Akwai wanda ake buɗewa a duba: hoto, murya, bidiyo, takarda. Akwai kuma wanda ke ba kwamfuta umarni, in ka danna shi sau biyu sai ya tashi ya kama aiki da kansa. Duk wata manhaja, wato lojisiyel, da irin wannan na biyun take tashi, ta kirki da ta banza baki ɗaya. Haɗarin shi ne, duk ikon da kake da shi kan kwamfutarka, fayil ɗin da ka tayar shi ma ya samu. Yana iya karanta takardunka, ya goge su, ya kulle su, ya riƙa rubuta duk abin da ka danna har da lambar sirri, ya aika wa maigidansa can wata ƙasa, kai kuwa ba ka ga komai a allo ba.

Sunan fayil ba shaida ba ne. Kowa na iya raɗa wa fayil sunan da ya ga dama cikin daƙiƙa biyu, ya kuma manna masa hoton da ya ga dama. A ƙauye in baƙo ya sauka, ba a tsayawa kan sunan da ya faɗa. Ana tambayar garin da ya fito, da mai masaukinsa, da wanda zai tsaya masa. Haka ake yi wa fayil.

Tambaya ta farko: daga ina ya fito?

Wannan ita ce babba, kuma ba ta neman ilimin na'ura. Kai ka je ka nemo shi a shafin kamfanin da ya ƙera shi, ko kuwa shi ya zo ya same ka? Fayil ɗin da ya zo ta imel, ta WhatsApp, ta Telegram, ko ya bayyana cikin kile, wato ɗan filashin nan, bayan ka kai shi siber buga takarda, baƙon da babu sallama ne, kuma mun san abin da Hausawa suka ce a kansa. Ko da sunan ɗan uwanka ya zo, ɗauki waya ka kira shi ka ji ko shi ya aiko, domin ana sace asusun mutum a yi aike da sunansa.

A lura da kalaman da ke raka fayil ɗin. In ana gaggauta ka, ana cewa buɗe yanzu kafin a rufe rajista, ga jerin waɗanda suka ci jarrabawa, ga sunayen masu samun tallafi, ga takardar tarar da ake bin ka, to ana so ne hannunka ya riga hankalinka.

Tambaya ta biyu: mene ne wutsiyar sunansa?

Kowane fayil na da ƴan haruffa a ƙarshen sunansa, bayan ɗigo. Mu kira su wutsiya. Ita ce ke gaya wa kwamfuta abin da za ta yi da shi. Hoto na ƙarewa da .jpg ko .png, murya da .mp3, bidiyo da .mp4, takarda da .pdf ko .docx. Masu ba da umarni kuwa su ne irin .exe, .msi, .scr, .bat, .cmd, .vbs da .js.

Matsalar ita ce Windows na ɓoye wutsiyar sai in kai ka ce ya nuna. Da wannan ne aka cuci duniya a watan Mayun 2000, lokacin da wata cuta da aka sani da ILOVEYOU ta taso daga birnin Manila na ƙasar Filifin. Ta zo da kamannin wasiƙar soyayya, sunanta na ƙarewa da .TXT.vbs. Windows ya ɓoye wutsiyar ƙarshe, mutane suka ga .TXT suka ɗauka rubutu ne kawai, miliyoyin kwamfutoci suka kamu cikin ƴan kwanaki. Fiye da shekara 25 ke nan, dabarar ba ta tsufa ba. Har gobe ana aiko fayil mai suna irin facture.pdf.exe, da jan hoton PDF a goshinsa.

Maganin ba ya cin ko dala. A buɗe kowace jakar fayiloli a Windows 10, a duba sama inda aka rubuta Affichage, a sa alama a gaban Extensions de noms de fichiers. Daga ranar, akasarin fayiloli za su fito da wutsiyarsu a fili. Wutsiyar ƙarshe ita ce gaskiya. Takardar da ta ƙare da .exe ba takarda ba ce, kura ce da fatar akuya.

Nan ne ya kamata mu taɓo cutar da ta fi damun masu zuwa siber, wadda ake kira birus rakursi. Ka sa kile a wata kwamfuta, ka dawo gida ka tarar duk jakunkunanka sun koma masu ƴar kibiya a gefe, girman kowace bai wuce kilo ɗaya ko biyu ba. Takardunka ba su ɓata ba, ɓoye su aka yi. Waɗannan masu kibiyar tarko ne: kana danna ɗaya, cutar ta tashi ta shiga kwamfutarka, ita kuma ta riƙa shafa wa duk kile da aka soka mata. Kada a danna su, kada kuma a yi gaggawar wanke kile ɗin gaba ɗaya. Mai gyara da ya san aikinsa zai cire cutar ya fito da takardun cikin ƴan mintoci.

Tambaya ta uku: ina yake zaune?

Wani lokaci ba aiko maka fayil aka yi ba. Kwamfuta ce ta yi nauyi, ka buɗe jerin ayyukan da ke gudana, wanda ake samu in an danna Ctrl da Shift da Esc tare, sai ka ga sunaye barkatai da ba ka taɓa ji ba. Nan ana yin kuskure iri biyu. Wani ya ƙyale mugu saboda sunansa ya yi kama da na gida. Wani kuma ya goge na gida saboda tsoro, kwamfuta ta ƙi tashi washegari.

Misali, akwai svchost.exe. Na Windows ne, kuma ganin sa sau goma ko fiye a jerin ba laifi ba ne, haka yake aiki. Gidansa shi ne C:\Windows\System32. Ɓarayi sun san da haka, sai su raɗa wa nasu scvhost.exe ko svch0st.exe, su juya harafi ɗaya, ko su bar sunan daidai amma su ajiye shi wani wuri. A danna sunan da maɓallin dama, a zaɓi Ouvrir l'emplacement du fichier, kwamfuta za ta kai ka inda yake kwana. Fayil mai sunan Windows da aka samu cikin jakar Temp, ko AppData, ko jakar abubuwan da aka sauko da su daga intanet, abin tuhuma ne ƙwarai. Amma a sani, akwai manhajojin kirki da ke zama cikin AppData, saboda haka wurin zama shi kaɗai bai isa a yanke hukunci ba. A haɗa shi da tambaya ta gaba.

Tambaya ta huɗu: wa ya sa masa hatimi?

Manyan kamfanoni na buga wa manhajarsu hatimi na na'ura, wanda ke nuna wanda ya ƙera ta, ya kuma lalace in wani ya taɓa cikinta daga baya. A danna fayil da maɓallin dama, a shiga Propriétés, a nemi Signatures numériques, a duba sunan da ke wurin da ko an ce hatimin na da inganci. Haka kuma in za a saka manhaja, Windows kan fito da wata taga yana neman izini. In ya rubuta sunan kamfani da aka tabbatar, da sauƙi. In ya ce mai ita ba a san shi ba, kuma saman tagar ya yi launin rawaya, a dakata.

Shi ma hatimi ba ya rantsuwa. Wasu fayilolin Windows na asali ba su nuna shi a wannan wurin, domin nasu na ajiye wani gefe, kuma ƙananan masu ƙera manhaja na gaskiya da yawa ba su da shi saboda kuɗi ake biya. A ɗaya ɓangaren, a 2017 ɓarayi sun kutsa cikin kamfanin da ke yin CCleaner, manhajar share kwamfuta da ake samu ko'ina, suka cusa cuta a ciki, ta fita da hatimin kamfanin na gaske, mutane sama da miliyan 2 suka sauke ta. Hatimi shaida ɗaya ce cikin shaidu.

Tambaya ta biyar: me masu bincike suka ce?

Windows 10 da 11 na zuwa da nasu mai gadi, Microsoft Defender, kyauta. A danna fayil da maɓallin dama a ce ya bincika shi. Sai dai mai gadin da ya yi wata shida bai sha intanet ba bai san fuskar sababbin ɓarayi ba. Ko sau ɗaya a mako a haɗa kwamfuta da intanet ɗin waya domin ya sabunta.

Akwai kuma shafin VirusTotal, wanda aka kafa a Sifen a 2004, Google ya saye shi a 2012. Kana ɗora masa fayil, sai ya gabatar da shi ga masu binciken cuta wajen 70 a lokaci guda, ba a biyan komai. Ga yadda ake karanta sakamakon. In da yawa sun ce mugu ne, magana ta ƙare. In ɗaya ko biyu ne kawai suka yi kuka, wataƙila kuskure ne, a koma kan tambayoyin baya. In ba wanda ya ce komai, ba wanke shi aka yi ba, domin cutar da aka ƙera jiya ba lalle a san ta yau ba. Gargaɗi guda: abin da ka ɗora a shafin, kamfanonin tsaro na iya ganin sa. Kada a ɗora takardar da ke ɗauke da sunayen mutane, lissafin kuɗi ko sirrin marasa lafiya.

Inda gizo ke saƙar

A faɗi gaskiya, babbar ƙofar cuta a ƙasarmu ita ce manhajar sata. Lasisi na da tsada, katin banki na sayayya a intanet ba kowa ke da shi ba, sai a kai kwamfuta kasuwa a cika ta da Windows da Office da sauran kaya. Abin da ake karya makullin lasisin da shi fayil ne mai ba da umarni, ba a san wanda ya ƙera shi ba, kuma sau da yawa sai an kashe mai gadin kwamfuta kafin ya yi aiki. Duk tambayoyi biyar ɗin nan, ba wadda ya amsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa: wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa manhaja ya raba wa duniya kyauta, a tambayi inda ribarsa take.

Akwai mafita ta halal. LibreOffice kyauta ce, tana rubuta takarda da lissafi, tana buɗe na Word da Excel, kuma akwai ta da Faransanci. VLC ta kallon bidiyo kyauta ce. Tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ya ƙi kuwa, ana iya saka mata Linux Mint ko Ubuntu, su ma kyauta, da gyaran tsaro a kai a kai. Sharaɗin ɗaya ne, a sauko da su daga shafinsu na asali.

Masu wayar hannu, ku ma da ku ake. A Android, fayil mai ba da umarni na ƙarewa da .apk. Wanda aka turo ta Xender ko ta rukunin WhatsApp, irin su GBWhatsApp da manhajojin da ke alkawarin intanet kyauta ko bashi nan take, hukuncinsu ɗaya da na .exe. Kamfanin WhatsApp da kansa ya ce yana iya rufe asusun mai aiki da na jabu. A duba izinin da manhaja ke nema. Tocila ko wasan yara da ke son karanta saƙonninka me zai yi da su? Ta saƙon ne lambobin tabbatar da kuɗi ke shigowa, kuma cikin wannan wayar ce kuɗin da ɗan ci-rani ya aiko na cefane da taki ke sauka.

In an riga an danna

Kada a ɓoye don kunya, jinkiri shi ke ƙara ɓarna. A cire kwamfutar daga intanet nan take, a zare duk kile da ke jikinta, kada a soka su a wata. Kada a ƙara rubuta lambar sirri a cikinta. A ɗauki wata na'ura mai lafiya a sauya lambobin sirri, a fara da na imel da na kuɗi. In asusun banki ko na kuɗin waya na da alaƙa da ita, a sanar da su ranar. Sannan a kai ta wurin mai gyara. In an yi sata ko ana neman kuɗin fansa, a kai ƙara komisariya ko wurin jandarma. Tun watan Yulin 2019 Nijar na da dokar hukunta laifukan intanet, kuma kutsawa cikin na'urar wani ba da izini ba na cikin abin da ta hana. Biyan fansa ba ya ba da tabbacin takardu za su dawo. Abin da ke dawo da su shi ne kwafin da aka ajiye a wani faifai daban, wanda ba a barin sa maƙale da kwamfuta.

Nauyin da ke kan kowa

Ku ƴan uwa na waje, in za ku aiko da kwamfuta gida, ku tambaya ko tana ɗaukar Windows 11, ku sa a wanke ta a saka mata tsari mai tsabta tun can, ku haɗo da faifan ajiya guda. Masu siber da masu buga takardu, kwamfutarku kamar rijiyar gari ce, kowa na jefa gugarsa. Ku sabunta mai gadinta, ku binciki kowane kile kafin ku buɗe. Shugabannin ma'aikatu, daraktocin makarantu da manyan gidajen likita, kwamfutar da ke riƙe da takardun haihuwa, sakamakon ɗalibai ko sunayen marasa lafiya ba ta kallon fim ba ce, kuma ya kamata a san mutum ɗaya da ke da izinin saka mata sabon abu. Hukumomin da ke kula da harkar sadarwa kuwa, lokaci ya yi da za a riƙa wannan faɗakarwa da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Barbarci, domin masu danna fayilolin ba duka ke jin Faransanci ba.

Fayil ɗin da ya kasa amsa tambayoyin nan, a bar shi inda yake, kada a buɗe, kada kuma a goge in ana zaton na Windows ne, har sai wanda ya sani ya duba. Mai tambaya ba ya ɓata. Masu ƙarin bayani ko tambaya, ku aiko mana ta lambar gidan rediyo da kuka saba, za mu karanta su a shirinmu na gaba. Allah ya tsare mana dukiyarmu da sirrinmu, amin.